Lissafin Shiga da Fita a Cikin Ƙwayar Bakteriya

Bakteriyar E. coli, wadda ke zaune a hanjin kusan kowannenmu, tana gudanar da dubban sauye-sauyen sinadarai a lokaci guda: sukari ya shiga, a farfasa shi, a ciri ƙarfi, a gina furotin da bangon ƙwaya. Duk wanda ya ce sai ya auna saurin kowane sauyi kafin ya san inda abincin ke tafiya, furfura za ta riske shi bai kai rabi ba. Wasu masana sai suka bi ta wata ƙofa, kuma wayonsu yana burge ni.

Sun lura cewa idan ƙwaya tana girma a natse, babu sinadarin tsaka-tsaki da ke taruwa ko ƙarewa. Gwargwadon yadda ake samar da shi, haka ake cinye shi. Mai noman rani ya san wannan a mahaɗar magudanai: ruwan da ya shigo dole ya fita ta wani reshe, in ba haka ba wurin ya yi ambaliya. Sai suka zana jadawali, kowane layi sinadari ɗaya, kowane ginshiƙi sauyi ɗaya, suka ce jimillar kowane layi ta zama sifili. A taƙaice suna rubuta S·v = 0, inda S shi ne jadawalin, v kuma saurin sauye-sauyen.

Matsalar ita ce sauye-sauyen sun fi sinadaran yawa, don haka amsoshin da suka dace ba su ƙidayuwa. A nan gwaninta take. Masanin zai kafa iyakoki: ga iya sukarin da ke iya shiga, ga iya oksijin, ga sauyin da ba ya komawa baya. Sannan ya ɗauka cewa burin ƙwayar shi ne ta hayayyafa da sauri, ya bar kwamfuta ta zaɓo rabon da ya fi cika wannan buri, da dabarar lissafin da George Dantzig ya fito da ita a 1947 don tsara ayyukan sojin saman Amurka.

Zaton kamar ya yi sauƙi da yawa, amma ga abin da ya faru a 2002. Bernhard Palsson da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun ciyar da E. coli giliserin, sai ta yi girma ƙasa da abin da lissafi ya hango. Ba su yi gaggawar gyara jadawali ba. Suka ci gaba da rainonta a kan abincin nan har kwana 40 ko kusa da haka, zuriya wajen 700, saurin girmanta yana ta hawa har ya iso inda lissafin ya nuna tun farko. Ashe bakteriyar ce ba ta saba da giliserin ba tukuna.

Wahalar aikin tana wajen haɗa jadawalin. Na E. coli da aka fitar a 2017 ya ƙunshi ƙwayoyin gado 1,515 da sauye-sauye fiye da 2,700, kuma kowanne sai an bi shi an tabbatar babu zarra ɗaya da ta ɓace. Kuskure guda ya isa ya sa ƙwayar da ke cikin kwamfuta ta riƙa samun ƙarfi ba tare da ta ci komai ba, kuma sai ƙwararren ido ke gano irin wannan.

Hanyar ba ta faɗin yawan sinadarin da ke cikin ƙwaya, sai dai yadda yake gudana. Duk da haka da taimakonta kamfanin Genomatica ya san waɗanne hanyoyi zai toshe domin E. coli ta riƙa fitar da butanediyol, sinadarin haɗa roba, daga sukari. A 2016 kamfanin Novamont ya buɗe masana'anta a Italiya mai iya samar da tan 30,000 a shekara da wannan bakteriya.