Kiɗan Fugazi a Ƙananan Kulob na Amurka

Wanda ya saba da nazarin waƙar baka ya san cewa waƙa ba ta cika sai a gaban jama'a, gama abin da makaɗi ya gani a fuskokin masu saurare shi ke juya masa harshe. Haka al'amarin yake ga kiɗan rok irin wanda Turawa ke kira indi, watau na makaɗan da suka ƙi shiga hannun manyan kamfanonin faifai, suka zaɓi cin gashin kansu a ƙananan kulob na unguwa.

Ƙungiyar Fugazi ta birnin Washinton ta isa misali. Ta fara wasa a 1987, ta dakata a 2003, bayan ta yi wasa fiye da sau 1,000. Faifanta duka kamfanin Dischord ya buga, wanda jagoranta Ian MacKaye ya kafa tare da abokinsa a 1980. A wancan lokacin galibi kuɗin shiga dala 5 ne, kuma ba su yarda a hana yaro shiga saboda ƙarancin shekaru ba, ko da yake ribar mai kulob a cinikin giya take.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne ba su hawa dandali da jerin waƙoƙi a rubuce. Ɗayansu zai ɗauko kan waƙa da jita, ko mai ganga ya ba da alama, sauran su bi nan take. Lalle wannan ya fi yiwuwa a ɗaki irin tsohon kulob ɗin 9:30, wanda ba ya cin fiye da mutum 200, inda makaɗi ke jin numfashin na sahun gaba. A nan shirun da suke yi a tsakiyar waƙa ke da nauyi. A faifai kuwa sai ya zama giɓi kawai.

Amma fa kusancin nan yana da nasa aibi. In samari suka shiga bangazar juna da sunan rawa, MacKaye yakan tsai da kiɗa cak, ya tsawata, wani lokaci ya mayar wa mai fitina kuɗinsa a fitar da shi. Niyyar kyakkyawa ce, don ta kare mata da marasa ƙarfi, sai dai waƙar da aka katse ba ta komawa da zafinta, makaɗi kuma ya koma mai wa'azi. Ga shi ƙarar jita a ƙuntataccen ɗaki takan haɗiye baitoci, alhali ƙungiyar da baitocinta take taƙama.

Tun 2011 Dischord ya fara sa rikodin wasannin nan a intanet, sun kuwa haura 800. Mai nazari yana iya bin waƙa guda dare bayan dare ya ji yadda take miƙewa ko ta taƙaita, har da tsawar da muryoyin masu mayar da martani daga cikin taro.