Waƙa Ta Zama Kayan Oda

'Yan'uwana mata, ku matso mu yi magana a kan abin da kuɗinmu ke saye. Duk wadda ke zuwa biki a Gidan Igwai ko wata unguwa ta Sakkwato ta san yadda ake yi yanzu. Tun saura wata guda za a tura kuɗi situdiyo tare da sunan amarya da na ango da na uwar biki, kwana biyu sai ga waƙa a waya. Ran biki a saka, a yi liƙi, a watse. Wani satin ki je wani bikin, kiɗan nan dai, amshin nan dai, suna kawai aka sauya.

Kada wata ta ce mawaƙan dā ba su son abin duniya. Suna so mana! Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa yake, Salihu Jankiɗi kuma shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, kuma doki da riga da hatsi ake ba makaɗan fada. Amma fa mawaƙi shekara da shekaru yake tare da ubangidansa, waƙar da ya yi bana zai sake ta baɗi a gaban dattawan da suka san tarihi. In ta yi rauni, kunyarsa ce. Shi ya sa yake zama da 'yan amshinsa su tace magana kamar mai tankaɗe. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, amma har gobe ana jin su.

Zuwan kaset ya fitar da waƙa daga fada zuwa kasuwa, sai dai masu kwafa suka fi mawaƙin cin riba. A ƙarshen shekarun 1990 finafinan Kano suka jawo fiyano, na'ura ɗaya ta ɗauke aikin kalangu da kotso da taushi. Mai shirya fim kuwa waƙar da za ta sayar da kaset yake nema, ko da ba ta haɗa komai da labarin ba. Yau kuma zamanin YouTube da TikTok ne, inda ake gina waƙa don gutsuren da za a yi rawa da shi. Lokacin zaɓe kuwa, wanda aka wasa jiya shi ake wa zambo yau.

Gaskiya dai an samu ci gaba. Dā kiɗa gado ne, yanzu yaron da ubansa bai taɓa riƙe ganga ba yana ci da iyalinsa da muryarsa, kuma akwai masu fasaha a cikinsu. To amma mai sayarwa abin da ake saye yake kawowa, mu kuwa mata mu ne manyan masu saye.

Ki tuna Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013. Da ƙwarya ta yi suna, tana yi wa mata waƙar sana'a da zaman kishi, maganar da ta fito daga tsakar gidanmu.

Don haka 'yar'uwa, in za ki ba da odar waƙar ɗiyarki, ki zauna ki faɗa wa mawaƙin asalinta da halinta da sana'ar gidanku, ki ce ba ki son kwance. Atamfa ma sai kin duba ta kike biya. Allah Ya sa mu gane.