Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Sharhi a kan Sutura da Kayan Ado a Wani Hoton Gado daga Damagaram

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wataƙila wannan ne ya sa mutane da dama ke ɗaukar tsohon hoto a matsayin shaidar da ba ta ƙarya. Wannan takarda za ta yi sharhi a kan wani hoto baƙi da fari da gidanmu ya gada a Damagaram, domin a nuna wa ɗalibi cewa abin da ido ke gani a irin wannan hoto kashi biyu ne: akwai na mutum, akwai na aro. Wanda bai tantance su ba zai karanta tarihin da bai faru ba.

2.0 Bayanin Hoton

Mutum biyu ne a hoton. Kakanmu na zaune bisa kujera, sanye da babbar riga mai aikin aska takwas da baƙin rawani mai ƙyalli. Akwai agogo a hannunsa na hagu, da lambar soja maƙale a ƙirjinsa. Kakarmu na tsaye a gefensa cikin atamfa, ta ɗora hannu bisa wata ƙaramar rediyo da ke kan tebur a tsakaninsu. A bayan hoton babu kwanan wata, babu hatimi.

Shekara da shekaru zuri'a na kafa hujja da rediyon da agogon cewa marigayin mai dukiya ne. Da ya rasu ba a ga ko ɗaya daga cikinsu a gado ba, sai aka zargi ƙanensa da ɓoye su. A kan wannan zargi ƴaƴansu suka daina gaisawa.

3.0 Kayan Aro

Sanannen abu ne cewa masu shagon hoto a Afirka ta Yamma suna ajiye kayan da suke ara wa masu zuwa. Misali mafi shahara shi ne Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Yana da rediyo da agogo da alƙalami da tabarau da kwat da babur ƙirar Vespa, kuma kayan nan ɗaya ne ke maimaituwa a hannun mutane daban-daban. Ke nan ganin rediyo a hoto ba ya tabbatar da mallaka.

A hoton da ake nazari, alamu uku na nuna aro. Na farko, madaurin agogon ya yi wa kaka yawa, har ya zame zuwa bayan hannu. Na biyu, an naɗe hannun rigar hagu fiye da na dama, don agogon ya fito sosai. Na uku kuma mafi ƙarfi, wannan rediyo, da tsagewar da ke kusurwarta, ta sake fitowa a hoton wani gida na unguwarmu, bisa tebur guda, gaban labule guda.

Sai dai kayan aro ma suna da amfani ga mai nazari, domin suna nuna zamani. A 1954 aka fara sayar da ƙaramar rediyo mai taranzista a Amurka, gidan rediyon Nijar kuma ya soma aiki a 1958. Don haka da wuya hoton ya wuce ƙarshen shekarun 1950 a tsufa.

4.0 Kayan Mutum

Rigar kuwa tasa ce. Ana ganin layin ninki a gicciye a jikinta, alamar an ciro ta daga adaka, wato rigar Salla ce ba ta kullum ba, kuma tsofaffin gida sun tabbatar da ita. Ƙyallin rawanin na bugun baba ne, irin wanda aka san garin Kura na ƙasar Kano da shi. Duhun tafin hannun kakarmu lalle ne, wanda ke nuna an yi shirin hoton tun kafin ranar. Tsagar fuskarta kuma ba a aronta, ita ce ke faɗin asalinta.

Lambar soja ita ce mafi ƙanƙanta a hoton, amma ta fi komai nauyi. Faransa ta ba shi ita bayan yaƙin 1939 zuwa 1945, kuma takardarta na nan a gida. A Disamban 1959 Faransa ta yi dokar da ta tsayar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka wuri guda, yayin da na takwarorinsu Faransawa ke ƙaruwa. Wannan ya fi dacewa da rayuwar da aka san marigayin da ita, ta rufin asiri ba ta arziki ba.

A nan ne mai ɗaukar hoton ya ci nasara, a nan ne kuma ya yi ɓarna. Ya sa rediyo a tsakiya inda haske ya fi faɗa, ya bar lambar a inuwar wuyan riga. Hoton ya yi kyau, amma ya ja idon jikoki zuwa ga abin da ba na kakansu ba.

5.0 Kammalawa

Bai kamata a ce kakanmu ya yi ƙarya ba. Ya sayi hoton yadda yake so a tuna da shi, kamar yadda kowa ke yi. Aikin ɗalibi shi ne ya yi wa kowane abu a hoto tambaya uku: na wane ne, wace shekara ya shigo ƙasar, kuma wane dattijo ne zai iya tabbatar da shi? A gidanmu, jera hotunan biyu gefe da gefe shi ya wanke ƙanen kaka daga zargi, sai dai hakan ya zo ne bayan ya kwanta dama.