Jinjina ga Masu Yankan Gilashi na Rano da Kibiya

A shekarar 1926 aka buɗe ginin makarantar Bauhaus a Dessau ta ƙasar Jamus, wanda Walter Gropius ya zana, bangon ɗakunan sana'arsa kusan duk gilashi. Manufarsa haske ya shiga, a ga ciki daga waje. Bahaushe kuwa yana son haske, amma sirrin gida ya fi masa komai. Masu yankan gilashi da haɗa tagogin alminiyum a Rano da Kibiya su ne suke sasanta buƙatun nan biyu.

Ka tsaya ka ga aikin. Mai yankan zai shimfiɗa gilashin a kan tebur mai bargo, ya auna, ya tsoma bakin abin yanka a kananzir, ya ja layi sau ɗaya tak. Maimaitawa ɓata aiki ne. Sai ya danna gefe, ka ji ƙas, ya rabu sumul. Kuskuren rabin inci asara ce daga aljihunsa, ga kayan tun daga Kano aka lallaɓo su.

Shi zai ba mai gida shawarar gilashi mai duhu ko mai madubi, ya kuma gargaɗe shi cewa da dare, in an kunna fitila, sai da labule. Tagoginsu ke tare ƙurar hunturu a masallatai da ɗakunan amare. Akwatin gilashin mai tsire ma, da ke kare nama daga ƙudaje, aikinsu ne.

In ka kai musu aiki, ɗan'uwa, a rage tsananta ciniki. Dubi tabon yanka a yatsunsu. Allah ya tsare hannayensu, ya ƙara kasuwa.