Makaɗa Marasa Ubangida: Shata Da Ɗan Maraya

A ƙasar Hausa ta dā, in aka ga baƙon makaɗi, tambayar farko da a kan yi masa ita ce, "Na wane ne kai?" Gama ba a san makaɗi ya zauna haka kawai ba shi da mai shi ba. Sarki yana da nasa, masu tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso. Mahauta suna da masu kalangu, manoma suna da masu gangar noma, maƙera da mafarauta da 'yan dambe kowa da nasa. Sana'ar kuwa gado ce, ɗa ya kan karɓi gangar ubansa, ya karɓi iyayen gidan ubansa tare da ita. To, abin da na ke so mu duba a nan shi ne mutum biyu da suka fita daga wannan tsari, suka ci abinci da waƙa ba su zama na kowa ba, watau Alhaji Mamman Shata Katsina da Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos. Ina so mu ga yadda suka yi, da abin da zaman kansu ya ƙara wa waƙarsu, da kuma abin da ya rage mata, don lalle ya rage.

Sai mu fara da makaɗin fada, don mu san abin da za mu auna su da shi. Ɗauki Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Irin wannan makaɗi cinsa da suturarsa da dokinsa suna wuyan ubangidansa. Ba ya kwana da tunanin inda zai sami abincin gobe, saboda haka yana da sukunin da zai zauna da yaransa su yi ta juya waƙa guda har ta nuna, kowace kalma a ajiye ta inda ta dace, 'yan amshi su san inda za su karɓa da inda za su ƙara. Shi ya sa in ka saurari waƙar Narambaɗa za ka ji ta kamar ginin gwanin magini, ba inda za ka zare tubali guda. Amma fa bakinsa ba nasa ba ne. Wanda ubangida ya ke so shi zai yaba, abokin hamayyar ubangida shi zai yi wa zambo, ko da bai taɓa yi masa kome ba. In kuwa sarauta ta fita daga gidan, to, makaɗi ya shiga uku.

Shata bai gaji kiɗa ba. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, mahaifinsa kuwa bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, don a wancan zamani ana ganin abin roƙo ne, bai dace da ɗan mutunci ba. Ya yi tallan goro, ya yi tallan alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi, kafin abin ya zama sana'a. Wanda ya shiga sana'a da haye irin wannan ba shi da ganga ta gado, ba shi da ƙofar da aka saba buɗe wa ubansa. Sai dai kuma ba wanda zai ce masa ga iyakar inda zai tsaya.

A nan ne mutane da yawa su kan yi kuskure, su ce baiwa ce kawai ta ɗaga Shata. Baiwa kam akwai ta, ba mai musu. Amma da an haife shi shekara ɗari kafin lokacinsa, da baiwar nan ta ƙare a dandalin ƙauye, ko kuwa wani hakimi ya ɗauke shi ya ajiye a ƙofar gidansa. Abin da ya ba shi hanya shi ne ƙasar ta sauya. Gyaɗa da auduga sun kawo kuɗi hannun mutanen da ba su da sarauta. Jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa, garin auduga inda Shata ya yi zamansa mai tsawo, manyan motoci kuma suka haɗa kasuwanni. Sai ga dillalan gyaɗa, da masu motocin haya, da direbobi, da 'yan kwangila, da malaman ofis, daga baya kuma 'yan siyasa da hafsoshin soja. Duk waɗannan suna da abin hannu, suna kuma so a ji sunansu kamar yadda a ke jin na sarakai, amma mai taushi ba zai kaɗa musu ba, don ba su gaji a kaɗa musu ba. Wannan giɓi shi Shata ya cike. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, shi kuwa ya riga kowa jin sauyin.

Dubi ma abin kiɗan da ya zaɓa. Kalangu kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba shi da wata daraja a fada. Amma ba shi da nauyi, ana rataya shi a kafaɗa a shiga mota, kuma ba wanda zai ce an yi masa shisshigi in an kaɗa wa talaka shi. Da wannan ganga ta kasuwa Shata ya yi wa attajiri waƙa, ya yi wa direba, har ya zo ya yi wa sarakuna, suka kuwa karɓa da murna.

Yanzu sai mu zo ga ginin waƙar kanta, gama nan ne sana'a ta bar tambarinta. Makaɗin da yau yana Kano, gobe Gusau, jibi Zariya, kowane wuri da sabon mutumin da za a waƙe, ba shi da lokacin zama ya koya wa yara doguwar waƙa. Saboda haka Shata ya sauƙaƙa aikin yaransa. Ya kan ba su amshi gajere, layi ɗaya ko biyu, su riƙe shi su yi ta maimaitawa, ba ƙari, ba karɓeɓeniya irin ta makaɗan fada. Duk sauran nauyin yana kansa, shi ke zuba baituka nan take gwargwadon abin da idonsa ya gani a wurin. Wannan dabara ita ce ta sa ya yi waƙoƙin da har ya mutu ba a san iyakar adadinsu ba, ita ce kuma ta sa ba abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Ya yi wa noma waƙa, ya yi wa aure, ya ba da labarin garuruwan da ya ziyarta, har kumbon nan Apolo 11 da Amurkawa suka aika wata a 1969 bai tsira ba. Ga murya mai kauri wadda ba ta gajiya, ga Hausa sassauƙa wadda yaro da tsoho duk za su gane. Ba na jin akwai mawaƙin Hausa da ya kai shi iya faɗin magana mai nauyi da kalmomin da a ke sayen goro da su.

Amma gaskiya ba ta ɓuya. Waƙar da aka yi a tsaye ba ta kan yi daidai da wadda aka kwana a kanta ba. A cikin waƙoƙin Shata akwai da yawa waɗanda in ka cire amshi da daɗin kalangu, abin da ya rage jerin sunaye ne: wane ɗan wane, da matarsa, da yaronsa, da abin da ya bayar. Ya kan ɗauko baiti daga wannan waƙa ya sa a waccan, ya kan kuma maimaita magana guda har sau uku kafin wata ta zo masa. Ranar da ya yi ta a gaban mai ita, ana ta liƙi, ba wanda ya lura. Sai da aka ɗauke ta a faifai, mutum ya zauna a ɗakinsa yana saurare a natse, sa'an nan ramukan suka bayyana. Masu son Shata ba sa son a faɗi haka, ni ma ina cikinsu, amma wanda ya jera waƙoƙinsa goma da na Narambaɗa goma ya san inda aka fi ƙulla zance.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan nauyi. Makaɗin fada in an hana shi, ubangidansa zai ba shi. Makaɗin da ke zaman kansa ba shi da mai rama masa, saboda haka makaminsa zambo ne da habaici. Mutane sun ba Shata don ƙauna, amma wasu sun ba shi don tsoron kada a wayi gari yara suna rera sunansu a titi. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya ba da mota za a ce masa mai kirki, ko halinsa ya kai ko bai kai ba. Bakin da ya yi waƙar tsayawa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya yi wa mashaya waƙar da malamai suka daɗe suna ƙyama. Wasu sun ce wannan rashin tsayawa wuri guda ne. Ni abin da na gani shi ne mutumin da jama'a duka su ne iyayen gidansa, jama'a kuwa ba halinsu ɗaya ba.

In kana so ka ga bambancin nan a fili, saurari Bakandamiya ta Narambaɗa, sa'an nan ka saurari Bakandamiya ta Shata. Narambaɗa ya gina tasa a kan sunan ubangidansa, ya riƙa cusa kirarin kansa a tsakani. Shata kuwa tasa kansa ya yi wa, da yawonsa, da fifikonsa a kan sauran mawaƙa. Kada ka ce girman kai ne kawai. Wanda ba shi da sarkin da sunansa zai ɗauke shi, tilas ya mai da sunan kansa jari.

Rediyo ma ta taimaka ƙwarai, musamman bayan da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryarsa ta kai inda motarsa ba ta taɓa zuwa ba. Sai dai a lura, faifai da rediyo suna suka kawo, abinci kuwa daga kyautar hannu ya ke fitowa, a wurin biki da suna da naɗin sarauta. Da kaset ya yawaita, kowane mai rumfa a kasuwa ya kan kwafi waƙa ya sayar, mai waƙar bai sani ba. Dokar kare haƙƙin masu fasaha da aka yi a 1988 ba ta hana wannan ba a kasuwanninmu. Kuma abin da aka samu a wurin wasa ba na mutum ɗaya ba ne, akwai makaɗa, akwai sanƙira mai shelar kyauta, akwai direba da man mota, kowa da iyalinsa.

Wannan lissafi shi ya sa al'amarin Ɗan Maraya ya ke ba ni mamaki. An haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, ƙasar haƙar kuza inda kowace kabila ta taru. Shi ya gaji kiɗa, don mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, amma iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin ya riƙe shi, daga nan sunan ya samo asali. Ga hanyar fada a buɗe gabansa, bai bi ta ba. Ya ɗauki kuntigi, ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya guda, ya fita shi kaɗai, ba ɗan amshi, ba mai ganga. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi kuwa jinkar da hannu ɗaya zai iya ɗauka ya yi wa kansa. Da ya ke ba shi da rundunar da zai ciyar, bai matsu da neman attajiri kowane dare ba, sai waƙarsa ta karkata wajen ƙananan mutane. Waƙar da ta fara fito da shi ta Karen Mota ce, watau yaron mota, wanda ba shi da abin ba mawaƙi sai godiya. A waƙoƙinsa na zaman aure da na gulma ya kan zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaciya, duk da baki ɗaya, har ka ga kamar wasan kwaikwayo a ke yi a gabanka. Aibinsa shi ne wa'azi ya kan yi masa yawa, wani lokaci ya bar labari ya koma yi wa mai saurare nasiha, kuma tsirkiya guda ba ta da faɗin da za ta ɓoye baitin da ya yi rauni, yadda kalangu ke ɓoye wa Shata.

In aka ce in zaɓa, sai in ce Shata ya fi faɗi da ƙarfi, Ɗan Maraya ya fi 'yancin baki. Dukansu biyu sun kai inda makaɗi bai taɓa tsammani ba: Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos kuma ta ba Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015. Amma ko Shata, da dukan yawonsa, bai rabu da fada sarai ba. Cikin waƙoƙinsa da suka fi tsari da nauyi akwai wadda ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, mutumin da ya daɗe yana riƙe da shi da alheri. A cikinta ba ka jin gaggawar nan ta mai son ya gama ya kama hanya. Da ya rasu a 1999 ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai shi Funtuwa inda ya zauna ba, a Daura aka yi masa sutura.