Sharhin Malamai Mata a Ɗarikar Firesbiteriyan

Ɗarikar Firesbiteriyan, wadda ta samo asali daga koyarwar Jon Kalbin a Janeba, ta kuma kafu a ƙasar Sikotilan a 1560 a hannun Jon Noks, ta shahara da sharaɗi guda mai tsanani, wato ba a ɗora mutum bisa mumbari sai ya karanci Ibrananci da Girkanci, nahawunsu da luggarsu, har ya iya fuskantar nassi ba tare da jingina ga tarjamar wani ba. Amma duk da wannan girmama ilmi, ƙarnuka suka shuɗe ƙofar limanci tana rufe ga mata a manyan rassanta, sai a 1956 babban reshen ɗarikar na arewacin Amurka ya naɗa Margaret Towner, reshen kudu kuma ya bi sahu a 1965 da Rachel Henderlite. Daga wannan lokaci ne wani salon sharhi ya tsiro, na matan da suka haɗa limanci da bahasi, kuma a ganina babu inda ya nuna kamarsa sarai kamar a aikin Katharine Doob Sakenfeld.

An haife ta a 1940, ta yi digirinta na dakta a Harvard, aka naɗa ta a 1970, a shekarar kuma ta fara koyar da Tsohon Alkawari a makarantar tauhidi ta Princeton, inda ta zauna har ta yi ritaya. Littafinta na farko, na 1978, bahasi ne a kan riƙon amana da alheri tsakanin waɗanda alkawari ko zumunci ya ɗaure. Ta kuma zauna cikin kwamitin da ya fitar da tarjamar Ingilishi da ake kira NRSV. Sai dai abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne yadda take karatu.

A duba mas'alar 'ya'yan Zelofehad, wadda take cikin sura ta 27 ta Littafin Ƙidaya, wanda duk mai Littafi Mai Tsarki na Hausa zai iya buɗewa ya gani. Mutum ne ya rasu a jeji bai bar ɗa namiji ba, sai mata biyar, Mala da Nowa da Hogla da Milka da Tirza. Suka tashi suka tsaya gaban Musa da babban firist da shugabannin jama'a a bakin alfarwa, suka nemi a ba su gādon ƙasa don kada sunan ubansu ya ɓace, hukunci kuma ya sauko cewa maganarsu gaskiya ce. Mai gaggawa, wanda ya zo da nufin neman hujjar 'yancin mata, nan zai rufe littafi yana murna. Sakenfeld kuwa sai ta ja almajiranta zuwa sura ta 36, inda dattawan kabilar Manassa suka dawo da ƙorafi, cewa idan 'yan matan nan suka auri baƙi ƙasa za ta bi su ta fita daga kabila, aka kuma shar'anta musu kada su yi aure sai cikin dangin ubansu. A wannan zama na biyu ba a ji muryarsu ko sau ɗaya ba, maza ne suka kawo ƙara, a kansu kawai aka yanke hukunci. Ta nuna cewa abin da ƙissar ta fi damuwa da shi sunan namiji ne da iyakar gona, amma ba ta yarda wannan ya shafe ƙarfin halin matan da suka buɗe baki a majalisa har aka gyara doka saboda su ba.

Wannan shi ne insafin da nake girmamawa, domin riƙe surorin biyu tare ya fi wuya ƙwarai bisa zaɓar wadda ta dace da ra'ayin mutum, kuma malamin da ya saba da mas'alolin gādo ya san cewa ba a yin fatawa da rabin nassi.

Haka ta yi da Littafin Rut, a sharhinta na 1999 da kuma littafinta na 2003 a kan matan aure na Tsohon Alkawari. Ƙissar sananniya ce: bazawara 'yar Mowab ta bi surukarta Na'omi zuwa Baitalami, tana kalar sha'ir a bayan masu girbi, har ta auri mai gonar, Bo'aza. Masu wa'azi sun daɗe suna karanta ta a matsayin labarin biyayya mai daɗin ji. Sakenfeld kuwa, bayan ta zauna da matan coci a ƙasashen Asiya ta saurare su, sai ta rubuta abin da suka gaya mata, cewa a wasu gidaje da wannan ƙissa ake danne matar ɗa a hana ta motsi gaban uwar miji, kuma ta tambaya a fili ko wace irin al'umma ce wadda mace matalauciya ba ta da mafita a cikinta sai ta je masussuka da dare ta kwanta wajen ƙafafun attajiri. Ba ta zargi Rut ba, ba ta kuma jefar da littafin ba, domin limamiya ce da za ta hau mumbari da shi ran Lahadi, ga mutanen da suka ɗauke shi maganar Allah.

Akwai gibi a wannan salo, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Matan Asiya da ta ambata ta bakinta muke jin su, cikin Ingilishi, a littattafan da aka buga a Amurka, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin waɗanda aka yi maganarsu. Matan Afirka sun ga irin wannan gibi da wuri, suka kafa ƙungiyarsu ta masu nazarin tauhidi a Akara a 1989 bisa jagorancin Mercy Oduyoye, don su rubuta nasu da hannunsu. Cikin jagororinta akwai Nyambura Njoroge ta Kenya, mace ta farko da Firesbiteriyan ta Gabashin Afirka ta naɗa, a 1982, wadda ita ma a Princeton ta yi nata digirin na dakta.