3.3 Malamin Tashe da Volpone: Zambo Iri Biyu

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, tashe wasa ne da yara kan fara daga goma ga watan azumi, a birane da ƙauyuka irin su 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara. Wasan da ya fi dacewa da wannan fasali shi ne Ka Yi Rawa. A cikinsa yaro kan yi shigar malami, da gemun auduga da allo da rawani. Sauran yara su zarge shi da yin rawa, shi kuwa ya musanta, amma wajen nuna abin da ya ce bai aikata ba sai ya ɓuge da taka rawar. Wato ke nan jikinsa ne ya ƙaryata bakinsa.

Irin wannan tonon asiri ne Ben Jonson ya gina wasansa Volpone a kai, wanda aka fara nunawa a Landan wajajen 1606. Volpone attajiri ne marar magaji da ya kwanta ciwon ƙarya, masu kwaɗayin gado suna ta kawo masa kyauta. Corbaccio ya cire ɗansa daga gado, Corvino kuwa matarsa ta sunna ya miƙa. Abin lura shi ne waɗanda aka cuta ba su fi macucin tsarki ba. Hatta ɗaya daga cikin alƙalan da suka saurari shari'ar ya fara tunanin aura wa Mosca, baran Volpone, 'yarsa, da ya zaci dukiyar ta koma hannunsa. Gaskiya ta fito ne kawai saboda maigida da bara sun saɓa a kan rabo.

A nan wasannin biyu suka rabu. Jonson ya kusa yanke ƙauna daga jama'ar da ya zana, don mutanen kirki biyu da ya bari, Celia da Bonario, ba su iya ceton kansu ba. A tashe kuwa mutum ɗaya aka ware, kuma masu amshi su ne shaidu, ana ɗaukar cewa idonsu na ganin daidai. Ba malanta ake yi wa ba'a ba, mai fakewa da ita ake nufi. Sau da yawa ma 'yan wasan almajirai ne, kuma a ƙofar gidan malamin unguwa sukan yi shi, a yi dariya a ba su hatsi ko kuɗi.